Macijin Masara A Akwati, Kububuwa A Gindin Rumbu

Yau filin namu zai taɓo wata magana wadda na san da yawa daga cikinku da jin ta za ku ce a'uzubillahi, watau kiwon maciji a cikin ɗaki. Ku yi haƙuri ku karanta, don maganar ta shafi gidajenmu fiye da yadda ake zato, musamman ma mutanen ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda ruwan sama ya fi na arewacin Jihar Sakkwato yawa, ciyawa ta fi duhu, rumbuna kuma suna cikin gida ko dab da shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne wayar hannu. Yanzu yarinya 'yar sakandare sai ta ari wayar yayarta, ta ga wata Baturiya tsararta ta naɗa ɗan maciji ja a hannu kamar awarwaro, tana shafa shi, har ta raɗa masa suna. Sai yarinya ta ce a ranta, ashe tsoron da su Inna ke yi duk na rashin sani ne. To, abin da ta gani gaskiya ne, ba siddabaru ba ne. Sai dai hoton bai gaya mata ko wane irin maciji ne ba, bai kuma nuna mata wahalar da ke bayansa ba.

Galibin waɗanda ake nunawa a irin wannan hoto, sunan da mutanen Amurka ke kiransu da shi ma'anarsa macijin masara. Asalinsa daga kudu maso gabashin Amurka ne, jihohi irin su Fulorida da Jojiya da Karolina. Wasu sun ce ya sami sunan ne don manoma kan tarar da shi wajen rumbunan masara yana farautar ɓera, wasu kuma sun ce don zanen cikinsa ya yi kama da ƙwayoyin masara mai launi-launi. Ba shi da dafi ko kaɗan, naɗe ɓera yake yi ya matse shi, kamar yadda mesa ke yi. Uwar kan sa ƙwai 10 zuwa 30, su ƙyanƙyashe bayan kamar wata 2. Ɗan kan fito da tsawon inci 10 zuwa 15, bai fi kaurin fensir ba, in ya girma ya kai ƙafa 4 ko 5. Tun wajen shekarun 1960 ake hayayyafa shi a hannun mutane, saboda haka wanda Baturiyar nan ke riƙe da shi, shi da iyayensa da kakanninsa duk a akwati aka ƙyanƙyashe su, ba wanda ya taɓa ganin daji. A tsare kuwa yakan yi shekara 15 zuwa 20, wani ma ya wuce. Watau yarinyar da ta karɓe shi tana aji 1 za ta gama makaranta, ta yi aure, ta yaye 'ya'ya uku, yana nan yana jiran abinci.

Yadda Suke Ajiye Shi

Ɗan ƙarami ba a sa shi a babban keji. Akwatin roba ko na gilashi madaidaici ake samo masa, mai ƙananan hujojin shan iska, da murfi mai kulli. Murfin nan shi ne abu na farko, don duk kafar da kansa ya shige to jikinsa zai bi, kuma dare farai yakan kwana yana tura murfi da hanci yana neman inda ya yi sako-sako. A ƙasan akwatin a shimfiɗa takarda, don a riƙa ganin kashinsa a canja da wuri. Ba a zuba masa ɗiɗɗigar katako mai ƙamshi, man da ke cikinta yana cutar da numfashinsa.

Sa'an nan sai zancen ɗumi. Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar mu, da zafin wurin da yake kwance yake aiki. Don haka sai a ɗumama gefe guda na akwatin ya kai digiri 29 ko 30, ɗaya gefen a bar shi wajen 22 zuwa 24, shi kuma ya riƙa kai da komo tsakaninsu. In ya ci abinci ya koma wajen ɗumi don ya narke, in zafi ya dame shi ya koma wajen sanyi. A kowane gefe ana kifa masa abin ɓuya, kamar sakaina ko ɓawon kwakwa mai 'yar ƙofa, wanda zai matse shi ta kowane ɓangare. Ɗan macijin da bai sami maɓoya ba yakan firgita ya ƙi cin abinci. Sai kuma ɗan kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai ture ba, a canja ruwan kullum. Ba a haɗa biyu a akwati ɗaya.

Abincinsa kuwa, a nan ne na san uwargida za ta yamutse fuska. Jinjirin ɓera ne wanda ko gashi bai yi ba, guda ɗaya kowane kwana 5 zuwa 7. A can akwai masu kiwon ɓeraye musamman don wannan, ana sayar da su matattu a daskare, mai maciji ya ajiye a firji, ranar ciyarwa ya ɗauko ɗaya ya jiƙa a ruwan ɗumi ya miƙa masa da ɗan matsefi mai tsawo. Ku dubi Allah, wace mace ce a Dogon Daji ko Jabo za ta yarda a jera mata ɓeraye kusa da ƙullin daddawarta da naman miya?

Ɗaukarsa a hannu ma da ƙa'ida. In an kawo shi sabon wuri, sai a ƙyale shi mako guda cur ba a taɓa shi ba, har ya saba, ya karɓi abinci. Bayan haka a fara da minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a mako. Ba a kawo masa hannu ta sama, don a wurinsa duk abin da ya sauko daga sama shaho ne. Ta gefe ake zura hannu a tallafo tsakiyar jikinsa, ɗaya hannun ya tare sauran, a bar shi ya riƙa bi ta tsakanin yatsu. Ba a matse wuyansa, ba a ɗaga shi ta wutsiya, mai riƙon kuma ya zauna a ƙasa don kada ya suɓuce ya faɗo. In ya ci abinci sai an yi kwana 2 kafin a taɓa shi, in ba haka ba ya amayar. Haka kuma in zai yi saɓa, idonsa kan yi fari-fari kamar mai yanar ido, ba ya gani sosai, sai a bar shi har ya tuɓe tsohuwar fatar. Ɗan ƙarami in ya tsorata yakan kaɗa wutsiya ya kai cizo, amma cizon bai wuce karcen ƙaya ba.

Duk da haka ba a ce ba shi da illa ba. Maciji da kunkuru da ƙadangare suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a kashinsu mai suna salmonela, wadda ke sa zawo da amai da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana gargaɗin kada a bar yaron da bai kai shekara 5 ba ya taɓa irin waɗannan dabbobi, haka ma tsofaffi da masu raunin jiki. Dole a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada kuma a wanke kwanonsa inda ake wanke-wanken abinci. To, ina gidan Bahaushe da babu mai rarrafe?

Ni dai a ganina wannan kiwo ba namu ba ne. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, wanda zai iya kashe wannan maciji a cikin akwatinsa, sai da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Ga batun abinci, ga maƙwabta ranar da ya ɓalle. Malamai da yawa kuma ba sa son a ajiye maciji a gida, duk kuwa mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta abinci har ta mutu. Dabbar da aka tsare amana ce. Yarinya mai sha'awar kiwo, a saya mata 'yan tantabaru ko zomo.

Akwatin Da Muka Haɗa Ba Mu Sani Ba

Amma ga dalilin da ya sa na tsaya na yi muku wannan dogon bayani. Ku duba abin da mai kiwo ke kashe kuɗinsa yana tanadar wa maciji don ya zauna ya sake: wurin ɓuya mai duhu, ɗumi, ruwa, da ɓera. Yanzu uwargida tashi ki zaga gidanki. Ga tarin itacen girki jingine da bangon ɗaki tun bara. Ga karan dawa da aka jibge bayan madafa, ga fasassun tukwane da tsofaffin kwanoni a kife a lungu, ga ragowar bulo tun ginin ɗakin amarya. Wannan maɓoya ke nan. Gindin murhu da duwatsun da suka sha rana suna riƙe ɗumi har tsakar dare. Gindin randa da bakin rariya kullum a jiƙe, kwaɗi na taruwa. Ƙarƙashin rumbu kuwa, inda tsaba ke zuba, nan ne fadar ɓera, ko kusu kamar yadda muke cewa a nan. Ga kuma akurki cike da ƙwai da 'yan tsaki. Ashe mun haɗa akwatin tsaf, sai dai namu ba murfi, kuma ba mu ke zaɓen wanda zai shigo ba.

Wanda zai shigo ɗin fa ba macijin masara ba ne, don babu shi a dajin Afirka. A ƙasarmu ta gero da dawa, wadda ta fi kowane maciji kisa ita ce kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa. Babbarta ma da wuya ta wuce ƙafa 2, 'ya'yanta kuwa ba su fi tsawon yatsa da rabi ba, amma da dafinsu suke fitowa daga ƙwai. Launinta na ƙasa ne da ɗigo-ɗigo fari a gefe, in ta kwanta cikin busasshen ganye ko ƙarƙashin damin gero ba mai ganinta. In an matsa mata takan naɗe ta riƙa goga jikinta da juna, a ji sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ta sara zai iya yini yana hira, wurin ya ɗan kumbura kawai, sai daga baya a ga jini na fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari, ko ta wani tsohon miki. Mai ciki tana iya yin ɓari da zubar jini mai tsanani. In ba a yi allura ba, cikin kowane mutum 10 da ta sara ana iya rasa 1 ko 2.

Sai kumurci, baƙin nan mai fasa kai, shi ne mai shiga ɗaki da akurki da dare, yana kuma feshin dafi ya sami idon mutum daga nisan ƙafa 6 ko fiye. Sai kasa, mai kauri, sarauniyar barci, wadda ba ta gudu sai an taka ta. Akwai kuma wani ɗan siririn baƙi mai sheƙi da ke zama cikin ƙasa, yana fitowa bayan ruwan sama. Kansa ɗan ƙarami ne, ga shi kamar ba zai yi kome ba, alhali ko an kama shi ta wuya yana iya zaro haƙori ta gefen baki ya soki yatsa.

Gaskiya ne muna da macizai marasa dafi, har akwai wani ruwan ƙasa mai zama kusa da gidaje yana rage mana ɓeraye, wanda Turawa ke kiwonsa shi ma. Sai dai bambance su aikin gwanaye ne. A Amurka ɗin ma mutane kan rikita macijin masara da wani mai dafi da ke kama da shi. Balle 'yar shekara 12 da magariba, a bayan rumbu, da hoton waya a kanta. Saboda haka dokar da za a kafa wa yara guda ce: duk macijin da aka gani, ƙarami ko babba, mai rai ko matacce, a ja da baya a kira manya. Na ce har matacce, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka yi zancen kashe maciji ba a sare kansa ba. Kai, ko an sare ɗin, kan yana iya cizo bayan wani lokaci, sai a ɗauke shi da shebur a binne.

Wata za ta ce, to gardawa fa, da ke rataya kumurci a wuya ranar kasuwa? Sana'arsu ce ta gado, sun san halin dabbar, sun san iyakar inda take kai sara. Wasu kuma kan cire haƙoran dafin, haƙoran kuwa suna sake tsirowa, shi ya sa su kansu gardawan wani lokaci abin kan rutsa da su. Abin da ya fi damuna shi ne garin maganin da ake saya a ba yaro ya sha a ce maciji ba zai kama shi ba. Yaron da aka gaya wa haka shi ne zai zura hannu a rami.

Gyaran gida ba ya cin kuɗi. A ɗaga itace a kan dakali ko duwatsu nesa da ɗakin kwana, a riƙa jawo shi da sanda kafin a sa hannu. A share ƙarƙashin rumbu, a toshe ramukan kusu, a kwashe tsabar da ta zube bayan sussuka da casa. A nome ciyawar bayan gida tun farkon damina. Akurki ya yi nesa da inda yara ke kwana. Rariya a sa mata raga, bakin salga a rufe shi da murfi, a kuma haska kafin a tsuguna. A Nuwamba 2021 wata sojar sama ta rasu a Abuja bayan maciji ya sare ta a makewayin gidanta, to in haka ta faru a gidan siminti a babban birni, ina ga namu? Kowace yarinya ta saba da tocila da takalmi in za ta fita da dare. Masu kwana a tsakar gida lokacin bazara su ɗaura gidan sauro su cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Lokacin shuka da lokacin kaka ne saran ya fi yawa, don haka masu zuwa roron wake da gyaɗa, da masu kai abinci gona a fadamun Kebbe da Kuchi, su riƙa ɗaga dami da sanda tukuna. Shugabannin makarantun kwana na 'yan mata su ma wannan aikin nasu ne, musamman hanyar makewayi.

In Ƙaddara Ta Faɗa

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, a 2017 kuma ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Galibin masu mutuwar manoma ne da makiyaya da 'ya'yansu.

In an sari wani, a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a zaunar da shi. Nan da nan a cire zobe da awarwaro da munduwa da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗaure ƙafar ko hannun a jikin ɗan itace sako-sako, kamar yadda ake wa karaya, don kada ya riƙa motsi. Kada a ɗaure da igiya ko roba tamau, yin haka ya jawo an yanke ƙafafu da yawa. Kada a tsaga wurin da reza, don wanda kububuwa ta sara jininsa ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa, kada a shafa kananzir, kada a dogara da baƙin dutse, kada a ba shi asfirin. A ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa, a nufi asibiti ko da ya ce ba ya jin kome. Addu'a da tofi a yi su a kan hanya. In kumurci ne ya fesa a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 ko fiye, kada a murza, sa'an nan a tafi asibiti.

A asibiti akwai wani gwaji mai sauƙi wanda a nan arewa aka kyautata shi, a aikin da Dokta David Warrell na Ingila da abokansa suka yi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970. Ana ɗibar jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, to dafi ya shiga jini, sai allurar kashe dafi. Akwai irin su EchiTAb da aka haɗa musamman don macizan Nijeriya, waɗanda ake aiki da su a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gwambe. Ku kuma sani yaro ba a rage masa allura don ƙanƙantarsa, yawan dafin da ya shige shi daidai yake da na babba, jikinsa kuwa ƙarami, shi ya sa abin ya fi saurin kayar da shi.

Allurar tana da tsada, kuma ba kowane lokaci ake samunta a kowane asibiti ba. Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kusan kilomita 100 ne, daga ƙauyukan Kebbe ya fi haka, ga shi wasu hanyoyin ba su biyuwa da dare. Don haka uwargida, ranar da kika je awo ko rigakafin yara a babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, ki tambayi ma'aikaciyar jinya ko suna ajiye allurar saran maciji, in babu kuma ina ne mafi kusa da ake samu. Ki gaya wa maigida amsar, ku kuma ajiye lambar wani mai mota ko mai babur na unguwa wanda zai tashi in an buga masa ƙofa da tsakar dare.